Kana biyan bashi mutane na ta zuba maka baki? Ga yadda za ka bi da su a Yamai ba tare da ka ci wani sabon bashi ba

Sau da yawa abin da ke hana bashi ƙarewa a garin nan bakin mutane ne, ba ƙarancin albashi kaɗai ba. Mutum zai ɗaura niyya ya ce bana sai na rabu da bashin ga, ya rage cefane, ya ajiye mota ya koma hawa faba-faba, ya daina sayen kiredi na jikka biyu biyu, sai magana ta fara tashi, a fada a ce ta ƙare mishi, a dangi a ce ya cika maƙo, a sarwis a ce ai matarshi ce ta riƙe mishi aljihu, shi kuma don ya nuna musu ba haka ba ne sai ya je ya karɓo abansi ya yi abin kece raini a bikin wani, wata ya ƙare bashin na nan har ya ƙaru. Abin na ci mini rai don ina ganin mutanen kirki, masu niyyar biya da gaske, suna shekara da shekaru a wuri guda saboda kunyar waɗanda ko dala ba za su biya musu ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wanga, mataki mataki, ga duk wanda ke cikin halin, namiji ko mace.

Fara da kaye da biro kafin ka amsa wa kowa

Wanda bai san iyakar abin da ake bin shi ba kowace magana tana iya girgiza shi, don shi kanshi a tsorace yake. Ka samu kaye na dala ashirin ko arba'in, ka rubuta sunan kowane mai bin ka, nawa ne, yaushe ka karɓa, mi kuka yi alkawari, har da bon na mai bitik da kuɗin mai nama da wanda ƙanwarka ta ranta maka ta ce ba komi. Kar ka boye wa kayen komi.

Bari in ba da misali da lissafi don a gane inda na dosa. A ce albashinka jikka 150. Banki na cire jikka 40 tun kafin ka taɓa, saura 110. Haya 30, abinci 45, ruwa da kuran na NIGELEC 8, esansi 7, abin da ya rage a hannunka jikka 20 ne cif. A gefe guda kuma mai bitik na bin ka 35, mai gida na bin ka hayar wata biyu 60, ɗan baffanka na bin ka 200, duka 295. In kana zuba jikka 15 kowane wata cikin wata 20 ka gama. In kuwa biki da suna da anko da kotizasiyo suna cinye maka 15 ɗin, kana iya ba da 5 kawai, to wata 59 ne, kusan shekara 5 kenan kana sunkuyar da kai in ka hango mai gida. Ka ga farashin rufe bakin mutane ƙiri ƙiri. Ka rubuta lissafinka na gaskiya haka, ka riƙa buɗe shi duk ranar da wata magana ta soke ka har ka ji kamar ka je ka yi wata bajinta.

Na biyu, ka tantance wa ke magana

Nan ne mafi yawa ke kuskure, suna haɗa kowa a kwando guda, ko dai su ji zafin kowa ko su ce ba ruwansu da kowa. Masu magana a kanka iri uku ne kuma ba amsa guda suke buƙata ba.

Akwai mai bin ka bashi. Wanga in ya yi magana, ko da da zafi ne, ko da a gaban mutane ne, ba gulma yake yi ba, haƙƙinshi yake nema. Ya zo a hadisi ingantacce cewa wani mutum ya zo bin Manzon Allah (SAW) bashi ya tsananta magana har sahabbai suka yunƙura, sai ya ce su ƙyale shi, don mai haƙƙi yana da damar magana. To in haka ne ga fiyayyen halitta, ni da kai ba mu da hujjar yin fushi don mai bitik ya ɗaga murya.

Akwai waɗanda matsin ke taɓa su kai tsaye, matarka ko mijinki, ɗiyanku, iyayen da kake aika wa kuɗi Tawa ko Konni ko Dogondutsi kowane wata. Su ma suna da haƙƙin bayani don tukunyarsu ce ta ragu.

Sai 'yan kallo, kuma su ne suka fi yawa suka fi surutu. Abokan fada, maƙwabta, matan foyandi, 'yan gurup na dangi, abokin aikin da ke ƙirga sau nawa ka maimaita shadda guda ranar Juma'a. Gwajin mai sauƙi ne, ka tambayi kanka, in na kasa biya mutumin ga zai yi asarar wani abu? In na bi shawararshi abin ya lalace zai ɗauki rabin nauyin? In amsar a'a ce sau biyu, to gaisuwa da fara'a kake bin shi da su, ba bayani ba.

Na uku, ka riga mai bashi zuwa

Wanga matakin shi ne ginshiƙi, in ka gyara shi rabin surutun zai mutu da kanshi, don mafi yawan maganar da ke yawo a unguwa daga bakin mai bashin da aka ƙi ɗaga wa waya take fitowa. Mutum ya kira ka sau biyar ba ka ɗauka ba, ya turo bokal ka saurara ka yi shiru, ya zo gida an ce ba ka nan alhali ga moto ɗinka a zaure, to ina kake so ya kai kukanshi in ba majalisa ba? Daga nan labari ya shiga Bukoki ya fita Lazare.

Ka je da ƙafarka, ba ranar da yake cikin ciniki ba, bayan la'asar ko bayan isha'i inda za ku zauna ku biyu. Ka ce mishi, Alhaji, na zo ne a kan kuɗinka, ban manta ba kuma ba gudu nake ba, jikka 200 ne, ba ni da halin ba ka su a dunƙule, amma zan iya kawo maka jikka 10 ranar 5 ga kowane wata har su ƙare, in na samu sarari in ƙara. Kar ka tsaya dogon labarin yadda aka cuce ka ko yadda kasuwa ta mutu tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, ya sani, shi ma a garin yake. Abin da yake son ji shi ne nawa, yaushe.

Kuma don Allah ka faɗi abin da za ka iya, ba abin da zai faranta mishi rai a zaman ba. In 10 za ka iya kar kunya ta sa ka ce 25. Annabi (SAW) ya kasance yana yawan neman tsari daga bashi, da aka tambaye shi dalili ya ce mutum in bashi ya kama shi sai ya yi magana ya yi ƙarya, ya yi alkawari ya saɓa. Abin da ke zubar da mutuncin mai cin bashi kenan, saɓa alkawari, ba talaucin ba. Jikka 5 da ke zuwa ranar da aka ce ta fi jikka 50 da ake ta cewa gobe.

Ku rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, don haka in wani ya ce haba ai mu 'yan uwa ne mi ya kawo takarda, ka ce mishi a hankali umarnin Allah ne kuma mutuwa ba ta sallama, kar magada su zo su yi rigima. Duk biyan da ka yi ka samu shaida, in ta Nita ko Amana ko Airtel Money ka tura ka adana resi ka ɗauki hotonshi a waya, in hannu da hannu ne ya sa hannu a kayenka ko a yi gaban mutum guda da ku duka kuka yarda da shi.

In ya riga ya tozarta ka a bainar jama'a, a ƙofar masallaci ko a bakin shago, kar ka rama. Ka ce gaskiyarka ne, ka yi hanƙuri, zan same ka gida yau da dare. Ka tafi kuma ka cika. In ya ƙi sauraro ka nemi dattijon da yake jin nauyi, liman ko mai unguwa ko wani babban yayanshi, su ne za su iya tuna mishi aya ta 280 a surar nan da ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Kai ba kai ne za ka karanta mishi ayar ba, daga bakinka za ta fito kamar wayo.

Na banki da na ƙananan asusun bashi kuwa ba a lallashinsu da dattijo, takarda suke ji. Ka je da wuri tun kafin ka tsallake wata, ka nemi a ba ka jadawalin biyan da ke nuna uwar kuɗi da ruwan da ya rage, ka rubuta takardar neman a shimfiɗa maka biyan. Ka sani akwai ofishin tattara bayanan masu cin bashi na ƙasashen UEMOA, wato ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, wanda kamfanin Creditinfo ke gudanarwa, duk jinkirin da ka yi yana shiga can kuma wani bankin zai gani gobe. In ma abin ya kai kotu, dokar OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci da Nijar ke ciki, ta ba alƙali ikon jinkirta maka biya ko rarraba shi har tsawon shekara guda, ban da irin kuɗin ciyar da iyali. Don haka sammaci in ya zo kar ka ɓuya, ka je da kayenka da resi-resinka.

Na huɗu, cikin gida

Maganar waje tana da zafi amma ta cikin ɗaki ta fi, don ba ka da inda za ka gudu. Kuma gaskiya sau da yawa matar da ke gori ba mugunta ba ce, duhu aka bar ta a ciki, tana ganin kuɗin cefane ya ragu, ba a ce mata komi ba, ƙawaye na ce mata ai aure zai ƙara, mi kake so ta yi tunani? Ka zaunar da ita bayan yara sun kwanta ka buɗe mata kayen ta gani da idonta. Ka ce, maman Abdul, ga abin da ake bin mu, ga abin da ke shigowa, ga watan da nake sa ran mu fita, ina so ki taya ni. Ka ba ta wurin da za ta yanke shawara ita ma, ita ta san inda za a rage a kicin ba tare da yara sun ji ba, ta san buhun masara ya fi auki a kan awo kullum, ta san wace makarantar ce za a iya biya kashi kashi lokacin rantire. Wadda aka yi shawara da ita ita ce za ta tare maka bakin danginta.

Ke ma 'yar uwa, in ke ce kika ci bashin, na zane ne ko na kwanuka ko kin ɗauki adashe kin kasa zubi, ɓoye wa maigida ba ya ƙarewa da kyau, don ranar da uwar adashe za ta yi sallama a ƙofar gida abin zai zama biyu, ga bashi ga ɓoyo. Ki zaɓi lokacin da hankalinshi ke kwance ki faɗa mishi da adadin da tsarin da kika yi na biya, ko zai yi faɗa na yini guda ne.

Iyaye kuma sai da ladabi. Ba a ce wa Inna ba ni da shi a kashe waya. In kana aika jikka 20 ne za ka koma 10, ka kira tun kafin wata ya ƙare ka ce, Inna ina neman addu'arku, akwai nauyin mutane a kaina da nake son saukewa, abin da nake aikowa zai ragu zuwa bayan babbar salla, amma ba zai yanke ba. Iyayenmu sun fi kowa tsoron a ce ɗansu ya mutu da haƙƙin wani, mafi yawansu albarka za su sa maka. Matsalar ta fi zuwa daga 'yan uwan da ke ganin duk wanda ke Yamai yana aikin biro to kuɗi na zubo mishi, ko masu gwada ka da wane da ke Abijan ya gina wa uwarshi gida. Waɗannan ka bar su da Allah ya buɗa mana gaba ɗaya, kar ka shiga gasar.

Na biyar, jumla guda ga 'yan kallo

Ka shirya amsarka tun a gida don kar a shammace ka. Gajera, ba fushi ba kame kame. Akwai lalurar da nake fama da ita bana, sai dai wani karo in sha Allahu. Shi kenan. In an matsa ka maimaita ta da murmushi. In an sake matsawa ka maimaita ta. Wanda ke neman abin yayatawa in ya ji abu guda sau uku gajiya yake ya koma kan wani.

Kar ka fara bayani, don duk bayanin da ka ba ɗan kallo ka ba shi abin cafkewa ne, ka ce haya ta yi maka nauyi ya ce to koma Talaje mana, ka ce makarantar yara ya ce wa ya aike ka kai su ta kuɗi, kafin a sauke shayi na uku an gama shari'ar rayuwarka. Kuma kar ka yi ƙarya, kar ka ce kuɗinka sun maƙale a wani wuri ko kana jiran wata kwangila, ƙarya sai an yi mata ciko kuma in ta kai kunnen mai bin ka zai zo ya ce to tunda kwangila na tafe.

A fada in an yi maka habaici cikin raha, an ce yau ma wane ba zai sa kuɗin sukari ba, ka yi dariya ka ce wallahi bana ni ɗan shan na banza ne ku yi hanƙuri da ni. In ka amsa da sakin fuska maganar ba ta daɗewa. Amma in ka lura akwai mutum guda da kullum kai yake nufi, yana cin fuskarka da gangan, ka ja shi gefe sau ɗaya ku biyu ka ce, abokina maganar da kake yi tana ɓata mini rai, ka bari. In bai bari ba ka rage zama inda yake, ba gaba ba, ka gaishe shi a masallaci ka wuce. Gurup ɗin WhatsApp da ke tayar maka da hankali ka sa shi shiru, ba sai ka fita an yi ta cewa ya yi fushi ba. Bokal ɗin da ka san na zagi ne ba dole ka buɗe shi da daddare ba.

In kuma kunya ce ke cin ka, ka tuna abin da Hausawa suka ce, bashi hanji ne yana cikin kowa. Wanda ke maka dariya da sabuwar gezna wataƙila telan ma bai biya ba. Shi kanshi Manzon Allah (SAW) ya bar duniya sulkenshi na jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓa wa iyalinshi.

Na shida, biki da anko da rago

Nan kuɗin ke tsiyayewa. Ba na ce ka yanke zumunci ba, a garin nan wanda ba ya zuwa na mutane ranar nashi shi kaɗai zai zauna. Abin yi shi ne ka ware wa zumunci kasonshi tun farkon wata, a misalinmu na sama cikin jikka 5 da suka rage a ce jikka 3, sauran 2 ka ɓoye don ordinansi in yaro ya yi zazzaɓi. In jikka 3 ta ƙare ta ƙare, sauran hidimomin watan da ƙafa za ka je. Ka riga kowa zuwa ɗaurin aure, ka taya shimfiɗa tabarmi da jera kujeru, ka kai baƙi tasha, a zaman makoki ka zauna har a watse. Mutane na mantawa da wa ya ba da nawa amma ba sa mantawa da wanda ya tsaya.

Ga mata abin ya fi tsanani, na sani, don anko kusan kowane mako ne kuma gudummawar biki rama ta ake yi har da ƙari. Ki zaɓi na jini na kusa ki yi, sauran ki sa mai kama da launin da kike da shi ki je da fara'arki. In kina foyandi biyu ko uku ki gama zagayen da kike ciki, kar ki fita a tsakiya bayan kin ɗauka don wannan cin amana ne kuma shi ne zai ba masu magana gaskiya, amma kar ki shiga sabo. Ki gaya wa uwar ƙungiya ita kaɗai cewa za ki huta zagaye guda.

Sai ragon layya. Duk shekara mutane na zuwa Turaku su ɗauko rago bashi don kar a ga ƙofar gidansu ba hayaƙi ranar da layi ya cika da gashi. A lissafinmu ragon jikka 100 ya ƙara maka kusan wata 7 kenan. A mazhabar Malikiyya da muke bi layya sunna ce mai ƙarfi a kan wanda kuɗin ba zai takura shi ba, biyan bashin da lokacinshi ya yi kuwa wajibi ne, ka tambayi malamin unguwarku zai warware maka. Abin da ya fi wuya yara ne, su ba su san lissafi ba. Ka gaya musu tun da wuri, ka sayi nama kilo biyu ko uku a soya musu, maƙwabta ma za su aiko kamar yadda aka saba. Za a yi magana kwana biyu, ta wuce.

Na bakwai, wata maganar gaskiya ce

Ba duk mai sukarka ne maƙiyi ba, kuma wanga sai ka daure. In yayanka ya ce kai ana bin ka kuɗi amma ka canza waya, ko aminiyarki ta ce kina kukan bashi kina sa hoton kaza da jus a sitati, zafi zai zo amma kar ka amsa nan take. Ka kwana da maganar, da safe ka buɗe kaye ka duba, in gaskiya ne ka gyara ka kuma gode mishi. Hadisi ya ce jinkirin mai hali zalunci ne, in kana da abin biya kana jan ƙafa to masu maganar ba su yi ƙarya ba.

Ka sa kanka a wurin wanda ya ranta maka jikka 200 daga jarinshi, yana buɗe waya ya gan ka a wurin cin abinci na Plato. Ko da wani ne ya gayyace ka shi bai sani ba. Muddin da kuɗin mutum a kanka ka rage nuna jin daɗi a idon duniya, ba munafunci ba ne, kiyaye zuciyar wanda ya taimake ka ne.

Akwai kuma masu zuwa da shawara mai daɗin ji wadda ta fi zagi illa. Wanda zai ce zo in kai ka wurin wani Alhaji ya ba ka 100 ka mayar da 120 ƙarshen wata ka rufe bakin mai gida. Yi lissafi, kashi 20 cikin 100 a wata kashi 240 ne a shekara, alhali iyakar da hukumomin kuɗin yankinmu suka sa a 2014 ita ce kashi 15 a shekara ga bankuna, 24 ga ƙananan asusun bashi, ban da kuma haramcin riba da muka sani. Wanda zai ce gwada cacar ƙwallo ko ta tseren dawaki ta PMU ko sau ɗaya. Wanda zai ce sayar da gonar gado ka huta, alhali ba taka kai ɗaya ba ce. Duk wanga a'a ne kai tsaye. Sayar da abin da ka mallaka kai kaɗai kuma ba ka ci da shi, kamar waya ta biyu ko talabijin ɗin ɗaki ko fili da ba ka da halin ginawa, wannan kam abin dubawa ne, ko da za a ce ya fara sayar da kaya. Ga matan da ke ƙaramar sana'a, asusu irin na Mata Masu Dubara, tsarin da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, ya fi zuwa wurin mai ba da kuɗi da ruwa, don kuɗinku ne kuke juyawa a tsakaninku, amma shi ma a ɗauka don jari, ba don anko ba.

Na takwas, kar ka riƙe abin kai kaɗai

Bashi na hana barci, magana kuma na ƙara mishi nauyi, mutum sai ya kwanta yana ta maimaita abin da aka ce mishi da abin da ya kamata ya mayar. Ka samu mutum guda, guda tak, mai riƙon sirri wanda ba ya bin ka komi, ka riƙa nuna mishi kayen kowane ƙarshen wata. Amfaninshi biyu, zai ƙarfafa ka ranar da ka karaya, kuma kunyarshi za ta hana ka zamewa. In kuma bashin na lalura ne, rashin lafiya ko gobara ko karayar jari, kuma ya fi ƙarfinka da gaske, ka sani masu bashi suna cikin mutum takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ce a ba zakka, ba roƙo ba ne, ka sanar da liman a asirce shi ya san masu fitarwa. In damuwar ta kai ba ka ci ba ka barci, ko zuciya ta fara raya maka cutar da kanka, a ranar ka gaya wa wani na kusa kuma ku je likita, kar ka jira gobe.

Ranar da ka gama da mutum na farko, ni ina ganin a fara da mai gida don kar a fitar da kai da iyali, sai mai bitik don shi ne bakinshi ke kusa da unguwa kuma nashi bai da yawa, ka je da wanda ya yi shaida, a soke sunanka a littafinshi a gabanka ko ya rubuta maka cewa ya karɓi kuɗinshi duka, ka yi mishi godiya ta gaske ka roƙi gafarar jinkirin da aka samu. Ba sai ka sanar a gurup ba, shi da kanshi zai faɗa. Kuɗin da kake ba shi kowane wata kuma kar su koma aljihu ko kwana guda, ranar 5 ga wata mai zuwa ka haɗa su a kan na mutum na gaba a kayenka.